Ɓeran da aka sauya wa ƙwayoyin gado bai kamu da cutar kansa ba: in bar maganin asibiti?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Likita, barka da ƙoƙari. Ni ma'aikacin ɗakin gwajin jini ne, kuma ina ɗauke da ciwon hanta nau'in B. Likitana ya ɗora ni a kan entecavir. Kwanan baya na karanta takardar da ke cikin kwalin, sai na ga an rubuta cewa ya haifar da ƙari a huhu da hantar ɓeraye. Tun ranar hankalina bai kwanta ba. Ana cikin haka wani abokin aiki ya kawo mini haɗin ganyayyaki na "wanke hanta". A takardarsa an ce an gwada shi a kan ɓerayen da aka sauya wa ƙwayoyin gado don su riƙa saurin kamuwa da kansa, kuma ko ɗaya bai kamu ba. Abokina ya ce ɓeran da aka ƙera don kansa ma ya tsira, balle mutum. Mahaifina kansar hanta ce ajalinsa. Likita, in bar wanda ya sa wa ɓera kansa in koma wanda bai sa ba?

AMSA

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Allah ya jiƙan mahaifinka, kai kuma ya ba ka lafiya. Kafin komai, kada ka yanke shan entecavir ba da sanin likitanka ba. A takardar nan da ta tayar maka da hankali akwai wani gargaɗi da ya fi na ɓeraye nauyi: wanda ya dakatar da maganin, cutar tana iya tasowa da ƙarfi, hanta ta kumbura, wani lokaci har ta gaza aiki. Wannan a jikin mutane aka gan shi.

Tunda a ɗakin gwaji kake aiki, ba sai na tsaya dogon bayani a kan DNA, sinadarin da ke ɗauke da ƙwayoyin gado, ba. Mu tafi ga ɓerayen kai tsaye.

Tsohon gwajin kansa shekara biyu yake ɗauka. Ana ba manyan ɓeraye (irin rat) da ƙananan ɓeraye (irin mouse) sinadarin kusan iya tsawon rayuwarsu, aƙalla maza 50 da mata 50 a kowane rukuni, galibi rukuni uku na awo daban-daban da rukuni ɗaya na kwatance. Gwaji ne mai tsada, mai cin dabbobi, kuma yana da matsala guda da ta shafi tambayarka: hantar ƙaramin ɓera, musamman namiji na irin B6C3F1 da aka daɗe ana amfani da shi a Amurka, tana yin ƙari da kanta idan ya tsufa, ko ba a ba shi komai ba. Shi ya sa a shekarar 1997 hukumomin magunguna na Amurka, Turai da Japan suka amince, ƙarƙashin ƙa'idar ICH S1B, cewa ana iya maye gurbin gwajin ƙaramin ɓera na shekara biyu da gajeren gwaji a ɓeran da aka sauya wa ƙwayar gado. Wanda aka fi amfani da shi yanzu shi ne rasH2, wanda aka samar a Japan, yana ɗauke da kwafin ƙwayar gadon ɗan Adam mai suna c-Ha-ras. Akwai kuma ɓeran p53, wanda aka kashe masa kwafi ɗaya daga cikin biyu na ƙwayar gadon da ke taka wa ƙari birki. Gwajin mako 26 ne, ɓera 25 na kowane jinsi a rukuni, kuma dole a sa rukunin da aka ba wa sanannen mai haddasa kansa, don a tabbatar ɓerayen suna amsawa. Ci gaba ne na gaske, ina kuma cikin masu goyon bayansa. An rage dabbobin da ake kashewa, an rage lokaci, kuma a wata shida ɓeran bai tsufa ba balle ƙarin tsufa ya rikita lissafi.

Yanzu ga maganar abokinka, wadda nake jin irinta kusan kullum, kuma na gaji da ita: "ɓeran da aka ƙera don kansa ma ya tsira." Wannan magana tana da daɗin ji, amma ta ginu ne a kan zaton cewa kansa hanya ɗaya gare ta, kuma an buɗe wa ɓeran nan wannan hanya. Ba haka abin yake ba. An taɓa masa ƙwayar gado ɗaya tak. Sauran jikinsa na ɓera ne, hantarsa ta ɓera ce, enzayim ɗin da ke sarrafa guba a cikinta na ɓera ne. Ɓeran p53 yana amsa sinadaran da ke lalata DNA kai tsaye, amma galibi ba ya nuna komai ga waɗanda ke jawo kansa ta wasu hanyoyi. Shi kuma rasH2, inda ƙari ya fi fito masa shi ne huhu, saifa, fata da gaban tumbi. Hanta ba ita ce gaɓar da ya fi rauni a kai ba. A babban binciken haɗin gwiwa da cibiyar ILSI ta jagoranta, wanda aka wallafa sakamakonsa a 2001, an samu sinadaran da aka tabbatar suna sa wa mutum kansa amma suka wuce ta wani irin ɓeran ba tare da alama ƙarara ba. Masu aikin sun faɗi haka da bakinsu. Don haka ne ma ƙa'idar ba ta taɓa cewa gwajin ɓeran nan shi kaɗai ya isa ba. Galibi ana haɗa shi da gwajin babban ɓera, da gwajin lalata DNA, da bayanan yadda jiki ke sarrafa sinadarin.

Ka ɗauki aflatoksin, gubar da fumfuna ke bari a hatsi da gyada idan ba su bushe da kyau ba. An gano ta ne bayan mutuwar talo-talo kusan 100,000 a Ingila a 1960. Tana cikin mafi ƙarfin abubuwan da ke haddasa kansar hanta a ɗan Adam, kuma hukumar binciken kansa ta duniya, IARC, ta sa ta a rukuni na 1, rukunin da babu shakka a kansa. Babban ɓera yana kamuwa da ɗan mitsitsin adadi. To, ƙaramin ɓera baligi fa? Sai a ba shi ninki ɗaruruwa na wannan adadin hantarsa ba ta yi ƙari ba. Dalili shi ne yana da wani enzayim, GSTA3, da ke kama gubar ya fitar da ita kafin ta manne wa DNA, mu kuwa namu bai kai nasa ƙarfi ba ko kusa. Da masana suka cire wa ɓera wannan ƙwayar gado, gubar da ke manne wa DNA ɗin hantarsa ta ninka fiye da sau 100. Ka lura da wannan sosai: sa wa ɓera ras na mutum, ko cire masa rabin p53, bai taɓa wannan enzayim ba. Yana nan yana aikinsa. Ke nan hantar "ɓeran kansa" tana da garkuwar da taka ba ta da ita, daga ɗaya daga cikin gubobi mafi haɗari gare ka.

Na ce gare ka, saboda kai hantarka ba kamar ta kowa ba ce. A wani bincike da aka bi maza sama da 18,000 a Shanghai, waɗanda aka ga alamar aflatoksin kaɗai a fitsarinsu haɗarinsu na kansar hanta ya ninka kusan sau 3, masu ciwon hanta B kaɗai kusan sau 7, waɗanda suka haɗa biyun kuwa kusan sau 60. Ɓeran gwajin da ake maka alfahari da shi ba ya ɗauke da ciwon hanta B, domin ƙwayar cutar ba ta kama ɓera. Hantarsa lafiyayya ce, matashiya, ba kumburi, ba tabo, ba ta taɓa haɗuwa da wani magani ba. Da masu bincike suka sa wa ɓeraye wani sashe na ƙwayar gadon cutar ta B sannan suka ba su aflatoksin, ƙari ya fi fitowa fiye da a 'yan'uwansu da ba a sa wa ba. Ko da gwajin da ke takardar abokinka gaskiya ne, an amsa tambayar wata hanta ce daban.

Sai lissafi. A ce wani abu yana sa kansa ga ɗaya cikin 100. Idan ka ba ɓera 25, yiwuwar ba za ka ga ko ɗaya ya kamu ba ta kai kusan kashi 78 cikin 100. Ɗaya cikin 100 kuwa a cikin mutum miliyan ɗaya mutum 10,000 ne. Wannan ne dalilin da ya sa ake ɗura wa dabbobin adadi mai yawa, har iyakar abin da jikinsu zai ɗauka, don ƙaramin haɗari ya girma har ido ya gan shi. Idan mai haɗin ya ba ɓerayensa ɗan abin da ya ga dama na 'yan makonni, "ko ɗaya bai kamu ba" ba ta nufin komai.

Kuma bari in faɗa maka abin da na saba tararwa idan na nemi takardun irin waɗannan haɗe-haɗe. Yawanci babu wani ɓeran da aka sauya wa ƙwayar gado. Abin da ake nunawa shi ne an ba ɓeraye kaɗan haɗin sau ɗaya an jira mako biyu ba su mutu ba, ko an ba su na kwana 28 an auna ALT da AST, alamomin rauni a hanta da ake dubawa a jini, an ga ba su tashi ba. Kai ka fi kowa sanin cewa ALT ba ya auna kansa. Sinadari yana iya rubuta kuskure a DNA ɗin ƙwayoyin hanta yau, ALT yana zaune lafiya, ƙarin ya bayyana bayan shekara 20. Gwajin rasH2 na gaskiya aiki ne na cibiyoyi masu lasisi, da ƙwararrun masu duba nama a ƙarƙashin madubi gaɓa bayan gaɓa, da rahoto mai ɗaruruwan shafuka. Mai sayar da garin ganye ya ari sunan ne kawai domin ya ji yana da kwarjini. Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne irinku suke nema da wannan kalma, masu ilimin da ba za a ruɗe su da "sirrin kakanni" ba. Sai a zo musu da harshen kimiyya.

Ko an yi gwajin, wace kwalba aka gwada? Maganin asibiti sinadari ɗaya ne, awo ɗaya, yau da gobe. Haɗin ganye kuwa na wannan watan ba lallai ya zama na watan jiya ba: wani ganyen aka samu, wani wurin aka tsinko, wata bushewar aka yi. Ganyen da bai bushe da kyau ba yana iya ɗaukar aflatoksin ɗin da muka gama magana a kai. Kuma kasancewar abu tsiro bai wanke shi ba. A farkon shekarun 1990 a Beljiyam, mata kusan 100 da suka sha haɗin rage ƙiba ƙodarsu ta lalace, da yawa daga baya suka kamu da kansar mafitsara da magudanar fitsari. An sa tsiron Aristolochia ne a haɗin a madadin wani. Sinadarinsa, asid ɗin aristolokik, yana barin irin nasa tambarin a DNA, kuma a wani bincike na 2017 an ga wannan tambari a kashi 78 cikin 100 na kansar hanta da aka duba daga Taiwan. Masana suna ci gaba da tattauna girman rawar da yake takawa a hanta, amma babu mai musun cewa yana sa wa mutum kansa. Ƙarni da ƙarni ana shan wannan tsiro ana yabonsa, saboda wanda ya sha yau ba yau yake faɗuwa ba.

Lambar rajista a jikin kwalba ma kada ta ruɗe ka. A ƙasashe da yawa dokar da ke kan kayan ƙarin lafiya da haɗin ganye ba ta tilasta gwajin kansa kafin a sayar. A Amurka, dokar 1994 ba ta ma buƙaci hukuma ta amince da irin waɗannan kaya kafin su shiga kasuwa ba. Sai ka ga abin takaici: kamfanin da doka ta tilasta wa ya yi gwaji ya kuma buga duk abin da ya gani, shi ne takardarsa ke tsorata marar lafiya. Wanda bai gwada komai ba takardarsa fes. Wannan giɓi ne da hukumomi suka daɗe da sani, kuma ban ga uzurin barin a buga "an gwada a kan ɓeraye" a jikin kaya ba tare da an ajiye rahoton inda kowa zai iya karantawa ba.

Kada ka fahimce ni da cewa ɓeran da aka sauya wa ƙwayar gado ba shi da amfani a harkar hanta. A nan ne ma ya fi burge ni, amma a matsayin mai bayyana dalili. Magungunan rage kitsen jini na dangin fibrate suna sa wa ɓeraye ƙarin hanta. Da aka cire wa ɓera furotin PPAR-alfa, sinadari mai ƙarfi na wannan dangi ya kasa sa masa ƙarin. Da aka sa masa irin na mutum a madadin nasa, nan ma ƙarin ya ragu ƙwarai. Haka phenobarbital, maganin farfaɗiya: ɓeran da ba shi da furotin CAR ba ya yin ƙarin da maganin ke haɓakawa, kuma bin diddigin masu farfaɗiya da suka sha shi shekaru bai nuna ƙaruwar kansar hanta da za a ɗora masa ba. Akwai ɓeraye irin su Big Blue da MutaMouse, waɗanda ake ba wa sinadari kwana 28 sannan a ciro DNA daga hanta a ƙirga kurakuran da ya haifar. Akwai kuma waɗanda aka dasa wa ƙwayoyin hantar mutum. A 1993, a gwajin wani maganin ciwon hanta B mai suna fialuridine a Amurka, mutum 5 cikin 15 suka rasu, 2 suka tsira da dashen hanta, alhali gwajin dabbobi bai nuna haɗarin ba. A 2014 aka ba irin waɗannan ɓeraye masu hantar mutum maganin, hantarsu ta gaza kamar yadda ta mutanen ta yi. Wancan guba ce ba kansa ba, amma ka ga yadda maganin da dabbobi suka "tsira" daga gare shi ya kashe masu irin cutarka.

Mu dawo kan entecavir. Abin da ka karanta gaskiya ne, ba a ɓoye shi ba. A gwajin shekara biyu an ga ƙari a huhun ƙananan ɓeraye, an kuma ga kansar hanta a mazansu a adadin da ya kai kimanin ninki 40 na abin da ke zagaya jinin mutum. Na huhun ya biyo bayan wata irin hayayyafar ƙwayoyin huhu da ba a gani ba a manyan ɓeraye, karnuka ko birai. Duk da haka ba a ce "ai ɓera ne" aka rufe littafi ba. Bayan amincewa da maganin a 2005 an yi babban bincike mai suna REALM, aka bi marasa lafiya sama da 12,000 har zuwa shekara 10, rabi a kan entecavir, rabi a kan wasu magungunan cutar. Ba a ga ƙaruwar kansa a masu entecavir ba. Haka ake amfani da sakamakon ɓera: ya nuna wurin da za a sa ido, a je a duba a mutane.

A ɗaya gefen, abin da ke barazana ga hantarka da gaske shi ne ƙwayar cutar kanta. Tun a 2004 wani gwaji a kan mutum 651 masu tabon hanta mai tsanani ya nuna cewa danne ƙwayar da lamivudine, wanda entecavir ya fi shi ƙarfi, ya sauko da kansar hanta daga kashi 7.4 zuwa 3.9 cikin 100. Idan ka ajiye maganin da ke danne ta saboda tsoron abin da ya faru da hantar ɓera a ninki 40, ka rungumi haɗin da ba ka san abin da ke cikinsa ba, ka yi gudun gara ka faɗa gidan zago.

Idan abokinka ya nace, ka ce ya kawo ainihin rahoton gwajin, ba takardar talla ba. Ka duba wane irin ɓera ne da sunansa, guda nawa a rukuni, mako nawa, wane adadi aka ba su kuma ta yaya aka zaɓe shi, ko akwai rukunin da aka ba wa sanannen mai haddasa kansa, wace cibiya ta yi, kuma wa ya duba naman hantar. Ina kyautata zaton ba zai kawo ba. Shi ma kansa ka yi masa bayani, domin yana aiki a inda marasa lafiya ke jin maganarsa, kuma wanda zai kai wa kwalbar bayanka wataƙila ba zai rubuto ya tambaya ba.

Idan ka riga ka fara shan haɗin, ka dakata, ka kai kwalbar wurin likitanka, a duba maka ALT, bilirubin da aikin ƙoda. Ka gaya masa cewa kansar hanta ce ta yi ajalin mahaifinka idan bai sani ba, domin wannan ya sa ka cikin waɗanda ya kamata a riƙa yi wa hoton hanta duk wata shida, tare da gwajin jini na AFP, wanda ke iya nuna alamar kansar hanta, ko da ƙwayar cutar ta daina nunawa a jini. Magani yana rage haɗarin, bai share shi gaba ɗaya ba. Idan har yanzu zuciyarka ba ta kwanta da entecavir ba, ka faɗa masa kai tsaye, akwai tenofovir, kuma shi zai duba ƙodarka ya ga ko ya dace a canza maka ba tare da an bar tazara ba. 'Yan'uwanka da kuke ciki ɗaya, iyalinka da 'ya'yanka, a gwada su, wanda ba ya ɗauke da cutar a yi masa allurar rigakafi.